Jinjina ga gwanin da bai taɓa bin umarnin kansa ba

A duniyar manhajojin da ake barin kod ɗinsu a buɗe, kowa ya duba, ya ɗauka, ya gyara, ya raba kyauta, an yabi mutane da yawa. An yabi Richard Stallman da ya shelanta aikin GNU a 1983. An yabi Linus Torvalds, ɗalibin nan na Helsinki da ya fito da Linux a 1991. Amma akwai wani bawan Allah da aka bari a baya, ba lambar yabo ba ko sannu, alhali ba wanda aikinsa ya kai nasa taɓa rayuwar sabon shiga. Shi ne mai sabunta umarnin girka manhaja, wanda zai jera mataki na ɗaya zuwa na bakwai, ya rubuta a sama cewa an sabunta kuma an gwada, ya sake wa duniya, ba tare da ya taɓa bin matakan nan da yatsunsa a kan wata kwamfuta da ba tasa ba. Yau ranarsa ce. Ranka ya daɗe, gyara zama ka sha yabo.

Abu na farko da za a jinjina maka a kai shi ne yarda da kai. Ba wanda zai ce ba ka gwada ba. Ka gwada mana. Ka buɗe laftof ɗin nan taka da ka shekara da shekaru kana yi wa lodi, wadda babu wani kayan aikin masu rubuta kod da bai kwana a cikinta ba, ka kwafi layin ƙarshe, ka danna, abu ya tashi, ka ce alhamdu lillahi. Madalla da wannan gwaji! Kowace manhaja a kan wasu manhajoji take tsaye, su ma a kan wasu suke. Umarnin girkawa kuwa aikinsa ɗaya ne tak: ya ɗauki wanda ba shi da komai ya kai shi inda mai komai yake. Kai da hikimarka sai ka gwada shi a wurin da komai ya riga ya kammala, inda ko rabin matakan ka share abin zai tashi.

Kowa ya san dattijon nan da za ka tambaya hanya ya ce maka: miƙe sosai, in ka kai gindin tsamiya ka karya dama, gidan yana kallon rijiya. Ka yi ta tafiya, ba tsamiya ba rijiya, don an sare tsamiyar tun kafin a haife ka, rijiyar kuma an cike ta an gina shago a kai. Dattijo bai yi maka ƙarya ba. Shi kullum yana zuwa gidan, bai taɓa ɓata ba, saboda ƙafarsa ce ta san hanya, ba kwatancensa ba. Bambancinka da shi, ranka ya daɗe, shi bai buga hatimi ya ce sabon kwatance ne da aka tabbatar ba. Ka fi shi ƙarfin hali.

Kuma ba a ɓoye aka sare itatuwan ba. Sai da aka yi shekaru ana shela kafin a yi ritayar Python 2 ranar 1 ga Janairun 2020. A Oktoban shekarar GitHub ya mayar da sunan babban reshen sababbin ayyuka `main` maimakon `master`. Ranar 13 ga Agustan 2021 ya daina karɓar kalmar sirri daga masu tura kod ta `git`. A ƙarshen 2020 Apple ya fito da kwamfutoci masu sabon injinsa na M1, Homebrew kuma ya koma ajiye kayansa a wata folda daban a kansu, duk adireshin da aka rubuta da hannu a tsofaffin umarni ya tashi daga aiki. Mafi girma a cikinsu ga masu Python ya zo a 2023, lokacin da Ubuntu 23.04 da Debian 12 suka gina katanga: `pip` ba zai ƙara zuba kaya kai tsaye cikin tsarin kwamfuta ba, don an daɗe ana ganin yadda hakan yake rikita manhajojin da tsarin kansa ya dogara da su. Layin nan guda ɗaya na `pip` da dubban ayyuka suka rubuta a shafinsu na farko ya wayi gari yana fitar da saƙon kuskure. Duk wannan guguwa ta zo ta wuce, umarninka yana nan daram, ko gezau. Sai da ƙorafi ya kai maka iya wuya ka tashi wani dare ka sabunta. Allah ya saka da alheri.

To bari mu bi sabon umarnin naka tare da wadda aka rubuta shi dominta. Ɗaliba ce a aji uku, tana karanta ilimin kwamfuta a wata jami'a a Arewa. Malaminsu ya ce aikin zangon nan sai da manhajarka. Ta goge laftof ɗinta ta ɗora Ubuntu 24.04 sabo fil. Ta cika caji tun da rana don ba ta da tabbacin wuta, ta sayi datar dare don ita ce aljihunta zai iya. Sha biyu ta gota, ta buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ta ajiye shafinka a gefe, ta yi bisimilla.

Mataki na ɗaya ya ce ta kwafo kod da `git`. Kwamfuta ta ce ba ta da shi. Wannan mai sauƙi ne, saƙon ma ya gaya mata abin da za ta girka. Mataki na biyu ya ce ta rubuta `python`. Shi ma babu, don a Ubuntu sunan da ke amsawa a sabuwar kwamfuta `python3` ne. Ta gano wannan ma. Mataki na uku shi ne sabon da kake alfahari da shi: ta keɓe wa manhajar wurinta na daban da `venv`, don kada ta gauraya da kayan tsarin. Shawara ce mai kyau, kuma daidai take. Sai dai a Debian da Ubuntu an ware wani ɓangare na wannan kayan aiki a ƙunshi na musamman, `python3-venv`, wanda sai an girka shi tukuna. Kai ka girka naka tun shekarun baya har ka manta ka taɓa yi. Ita ba ta da shi. Layi ɗaya ne ya ɓace daga sabon umarninka, kuma abu ne da gwajin minti goma a kan wankakkiyar kwamfuta zai tona wa asiri.

Ta haye wannan ma, don yarinyar ba raguwa ba ce. Mataki na huɗu ya fara sauke kaya. Tana kallon ɗaruruwan megabait suna zurarewa, tana duba ragowar datarta a waya, tana duba batir. Can kusa da ƙarshe sai allo ya cika da jan rubutu, layi a kan layi, ya fi tsawon abin da za ta iya gani ba tare da ta ja sama ba. A ƙasan tulin akwai 'yar jimla da ke cewa ba a sami `distutils` ba. Ba ta san mene ne shi ba, kuma ba dalilin da zai sa ta sani. Wani tsohon ɓangare ne na Python da aka cire a siga ta 3.12, wadda ta fito a Oktoban 2023, kuma ita ce sigar da Ubuntu 24.04 ke zuwa da ita. Ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin da taka ta dogara da su ka ɗaure ta a kan tsohuwar siga mai neman wannan ɓangaren. A laftof ɗinka kuwa tsohuwar Python ce ke mulki, lafiya lau. Umarninka bai faɗi sigar da ya dace da ita ba, don me zai faɗa? Ai kai ka sani.

Ta shiga bincike. Wani ya ce ta ƙara `sudo` a gaban komai. Wani ya ce ta tilasta wa `pip` ya tsallake katangar. Wani ya ce ta share komai ta sake daga farko. Wani mai tausayi ya ce ta bar wahala ta sauke kwantenar Docker, wadda nauyinta ya fi duk datar da ta saya. Kafin kiran assalatu data ta ƙare. Da safe ta sami wani na gaba da ita a sashen, ta nuna masa allon, ta ce, "Yaya, ko dai ni ce ba ni da kan wannan karatun?" Ya duba sama-sama ya ce, "Ke dai ki sake bi a hankali, ƙila wani abu kika tsallake."

Ba ta tsallake komai ba. Nan ne gwanintarka ta kai maƙura, ranka ya daɗe. Kowa in ya yi kuskure shi ake zargi. Kai ka ƙware har kana iya yin kuskure wani ya zargi kansa.

A wannan gaɓa yabon yana maƙale mini a wuya, don wannan tambayar tata ita ce ke ƙona mini rai. Wanda ya daɗe a harkar, in umarni ya ƙi aiki, tsaki yake yi ya ce rubutun ne ya tsufa, ya kewaye. Sabon shiga ba shi da wannan garkuwar. Shi a wurinsa abin da masu aikin suka rubuta da kansu gaskiya ne, in an sami saɓani to shi ne bai iya ba. Wasu a daren farko suke ajiye abin, ba su ƙara komawa ba, kuma ba wanda zai taɓa jin labarinsu, don wanda ya kasa shiga ba ya barin sawu. Buɗaɗɗiyar manhaja alkawari ce ga wanda ba shi da kuɗin lasisi cewa shi ma yana da rabo. Ina son wannan alkawari, na ga abin da ya yi wa yaran da ba su da uwa a gindin murhu, shi ya sa ba na iya kallon ana karya shi tun a shafin farko in yi shiru.

Amma kada a rage maka haƙƙi, ai ka nemi a taya ka gwadawa. Ka yi shela ga abokan aiki: ga sabon umarni, a duba. Mutum uku suka amsa, dukansu tsofaffin hannu, dukansu da kwamfutoci irin taka, dukansu sun haddace hanya. Na farko ya karanta da ido ya ce ya yi kyau. Na biyu ya gyara waƙafi. Na uku ya gwada da gaske, ya ci karo da matsalar `venv`, yatsunsa suka gyara ta kafin ƙwaƙwalwarsa ta lura, ya dawo ya ce komai na aiki. Shi ma a yi masa tafi. Sannan ga 'yar koriyar alamar nan da ka liƙa a saman shafi, mai shaida cewa duk gwaje-gwaje sun wuce. Gaskiya take faɗa. Na'urar da ke gwada kod ɗinka kullum tana da nata jerin umarni a wani fayil daban, wanda kake kula da shi kamar ƙwai, don in ya karye aikinka ne zai tsaya. A can ka rubuta sigar Python, a can ka jera kowane ƙunshi da ake buƙata, ba ka manta ko ɗaya ba. Ashe ka iya rubuta cikakken umarni. Na'ura ka rubuta wa, ɗan Adam kuma ka bar shi da ƙiyasi.

Jarumtarka ta fi fitowa in aka tuna abin da ya taɓa faruwa da wasu. A 2011 akwai wani aiki mai suna Bumblebee, da aka yi don laftof masu katin hoto na Nvidia su yi aiki yadda ya kamata a Linux. A cikin rubutun da ke girka shi akwai layin da aka nufa ya goge wata 'yar folda can ƙarƙashin `/usr`. Sai tazara guda ɗaya ta shiga tsakanin `/usr` da sauran adireshin. Kwamfuta kuwa ba ta karanta niyya. Adireshi biyu ta gani, ta fara da na farko, ta share `/usr` baki ɗaya, inda kusan dukan manhajojin tsarin suke zaune. Da yake da cikakken iko ake gudanar da rubutun, ba abin da ya tare ta. Mai aikin ya ba da haƙuri ya gyara, wannan kuwa mutunci ne. Kai ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba ka ɓata ruwanka ba. Ka ma ƙara sauƙaƙa wa jama'a: layi ɗaya da zai ɗebo rubutu daga intanet ya miƙa shi kai tsaye ga kwamfuta da cikakken iko, ba tare da mai ita ya ga abin da ke ciki ba, kai ma ba ka sake karanta shi tun gyaran ƙarshe ba. Tawakkali irin wannan sai manya.

Na san amsarka, kuma amsa ce mai nauyi. Aikin sa kai kake yi, bayan ka tashi daga wanda ke ciyar da kai, ba wanda ke biyanka ko sisi. Lasisin MIT da na GPL duka sun faɗa ƙarara cewa ba garanti. Duniya ma ta ga irin wannan hali a 2014, lokacin da ɓarakar Heartbleed ta nuna cewa OpenSSL, wanda tsaron babban ɓangare na intanet ya rataya a kansa, mutane ƙalilan ne ke riƙe da shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya ci moriyar aikinku bai ce na gode ba ya yi butulci. Amma ba wanda ya ɗora maka wuƙa a wuya ya ce ka rubuta an gwada. Da ka ce: wannan umarni na bi shi a kan Ubuntu kaza da Python kaza a wata kaza, ban gwada shi a wani wuri ba, da ɗalibar nan ta san inda matsalar take tun kafin ta sayi data. Jimla ɗaya ce, ba ta cin minti ɗaya. Ka tsallake ta don kada shafin ya yi muni. Kuma ba 'yan sa kai kaɗai ba ne a wannan sahu. Akwai ayyukan da kamfanoni ke ɗaukar nauyi, masu ma'aikata da albashi da mai tsara tambari, su ma shafinsu na girkawa haka yake. Su nasu yabon ninki biyu ne.

Sai kuma a yaba maka yadda ka kauce wa duk wata hanya mai sauƙi. Tun 2013 Docker yake hannun jama'a. Da layi ɗaya za ka sami Ubuntu ko Debian wankakke, ba komai a ciki, ka kwafi umarninka daga shafin kamar yadda yake, ɗaya bayan ɗaya, ba ƙari ba gyara, ka ga inda zai tsaya. GitHub Actions kyauta ne ga ayyukan da ke buɗe, ana iya sa shi ya riƙa yin haka kowane mako. Masu Rust sun sa misalan da ke cikin bayanan kod su ma ana gudanar da su a matsayin gwaji, Python ma tana da `doctest` tun tuni. In duk wannan ya yi yawa, akwai hanyar da ta fi su tsufa: ka zaunar da wanda bai taɓa ganin manhajar ba, ka ba shi shafin, ka naɗe hannu ka kama bakinka, duk inda ya tsaya ka rubuta. Mutane sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Kai ka san naka na ƙwarai ne tun kafin a gwada, me za ka yi da wannan wahala?

Mu a nan abin ba na wasa ba ne. Bayanan lafiya na Najeriya a kan DHIS2 ake tattara su, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta. Masu aikin kewaya ƙauyuka suna cike fom da ODK. Ɗakunan karatu suna amfani da Koha, makarantu da Moodle. Ban kawo sunayensu don ɗora musu laifi ba, na kawo su ne don a ga yawan abin da muka jingina a kan irin wannan aiki. Wanda zai girka manhaja a ofishin ƙaramar hukuma ko a ɗakin kwamfutar makaranta yawanci mutum ɗaya ne, ba na gaba da shi da zai tambaya, intanet ɗin daga wayarsa yake jawo shi, janareta kuma an ce ƙarfe biyu za a kashe. Shafinka shi ne malaminsa, shi ne abokin shawararsa. Kai da kake zaune inda sauke gigabait biyu bai kai tsawon shan shayi ba, ka yi kyan kai da ba ka taɓa rubuta nauyin abin da za a sauke ba. Da ka rubuta, da ya san ba zai isa ba tun da wuri, ya rasa ladan haƙuri.

Ɗalibar nan dai ta kai ga gaci bayan kwanaki, da taimakon wata ƙawarta da ta taɓa faɗawa ramin. Da yake tana da kirki, ta ce bari ta rage wa na baya wahala. Ta rubuta maka rahoto da Turancinta mai tsafta, ta faɗi sigar Ubuntu, ta faɗi ta Python, ta liƙa saƙon kuskuren, har ta kawo gyaran: layi biyu da za a ƙara a shafin. Ka amsa cikin gaggawa, abin a yaba: a wurina yana aiki. Daga nan ba ka ƙara waiwayowa ba. Ba ka ma buƙatar waiwayowa, don ka ɗauki ma'aikaci marar gajiya, 'yar na'urar nan da ke sintiri a cikin rahotanni. Yadda aka saba saita ta, in rahoto ya kwana 60 ba wanda ya taɓa shi sai ta yi masa alamar ya tsufa, in aka ƙara kwana 7 sai ta rufe. Ɗalibar tana tsakiyar jarrabawa lokacin da gargaɗin ya shigo. Ranar da na'urar ta rufe rahoton, adadin matsalolin aikinka ya ragu da ɗaya, kuma ka saka wannan ragin a cikin nasarorin da ka lissafa wa jama'a a sanarwar sabuwar siga.